Yadda Ake Yi wa Jariri Magana Har Bakinsa Ya Buɗe

Jariri yana jin magana tun yana ciki. Daga wajen wata 6 zuwa 7 na cikin kunnensa ya fara aiki, kuma muryar da ta fi isa gare shi ita ce ta mahaifiyarsa, domin ta cikin jikinta take ratsowa. Tun 1980 masu bincike a Amurka suka nuna cewa ɗan kwana biyu ko uku yana bambance muryar uwarsa da ta wata mace. Saboda haka maganar nan da ake yi in an ga mai jego tana hira da jinjirinta, "Mi yas sani da kika ta zuba?", ba ta da tushe. Gaskiya ne bai san ma'ana ba tukuna, amma yana tara sauti, yana tara karin harshe, yana koyon cewa in wani ya yi magana ɗaya yakan amsa. A kan waɗannan ne kalmarsa ta farko za ta zauna bayan wata goma sha biyu ko kusa da haka.

Idan babba ya ɗauki jariri muryarsa takan sauya ba tare da ya yi niyya ba. Takan ɗan yi sama, ta riƙa hawa da sauka, magana ta yi sannu, jimla ta gajarce, a yi ta nanata abu guda. Dattijon da kowa ke shakkar muryarsa a zaure, da an miƙo masa jikanya sai ka ji ya koma "Wa nika gani? Wa nika gani? Amaryata ta!" Wannan ba shirme ba ne. A 1985 wata mai bincike, Anne Fernald, ta gwada 'yan wata 4, ta ga sun fi juya kai wajen irin wannan murya a kan muryar da manya ke yi wa junansu. A 1997 wata mai binciken, Patricia Kuhl, da abokan aikinta suka auna muryoyin iyaye mata a Amurka da Rasha da Suwidin, suka tarar wasulan a, i da u sun fi fitowa a rarrabe idan da jariri ake magana. Uwa tana bayyana wa ɗanta iyakokin sautuka ne ba tare da ta san tana yi ba. Abin da ya rage shi ne a san wane ɓangare na wannan ɗabi'a za a ƙarfafa, wane kuma za a bari.

Zama da murya

Abu na farko, ya ga fuskar mai magana. Sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke tsakanin santimita 20 zuwa 30 daga idonsa, wato tazarar da ke tsakanin nono da fuskar uwa. Lokacin shayarwa ke nan ya fi kowane lokaci dacewa, ga shi yana zuwa sau 8 ko fiye tsakanin dare da rana ba tare da an ware masa lokaci ba. Sai wanka, da shafa mai, da sauya ƙunzugu ko famfas.

Goyo yana da daɗinsa, yaro na jin ɗumin uwa da muryarta, amma ba ya ganin leɓenta. Yaron da ya yini a baya tun daga surfen safe har tuwon dare ya ji magana da yawa, sai dai kusan babu wadda aka yi da shi. Ki riƙa kwance shi ki ɗora bisa cinya yana fuskantarki, ko da minti 5 zuwa 10 ne, sau da yawa a yini. Gajeren zama mai yawa ya fi dogon zama guda, don jariri saurin gajiya gare shi. In ya kau da kai, ko ya yi hamma, ko ya fara banƙarewa, ya ƙoshi da hirar, a bar shi ya huta. Kafin a fara kuma a rage rediyo, a matsa nesa da janareto ko injin niƙa. Babba yana iya tsamo magana daga cikin hayaniya, kunnen jariri bai iya wannan ba tukuna.

Jimla ta kasance kalma biyu zuwa huɗu. Kalmar da kike so ya kama ki ajiye ta a ƙarshe, ki ɗan ɗaga ta, ki maimaita ta cikin jimloli daban-daban: "Ga ruwa. Sha ruwa. Ruwa na, ruwa." Ƙarshen jimla ne ya fi tsayawa a kunne, kuma sauya jimlar da ke kewaye da kalmar shi ke nuna masa inda ta fara da inda ta ƙare.

Wajen jan murya akwai abin lura da ya shafi Hausa musamman. Tsawon wasali da karin sauti suna sauya ma'ana a harshenmu. Garin da ake zama da garin tuwo, ko dafa abinci da dafa bango, tsawon wasalin farko kawai ya raba su. Don haka in za ki ja kalma, ki ja wasalin ƙarshe ko wanda dama dogo ne, gajeren kuma ki bar shi gajere. Muryar ta hau ta sauka yadda kike so, amma karin kalmar ya tsaya yadda manya ke faɗinsa. Yawancin iyaye suna yin daidai a nan da kansu. Masu ɓatawa su ne masu yi da gangan don a yi dariya.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi yawa a gidaje. Yaro ya ce "luwa", gida ya kwashe da dariya, daga ranar kowa ya koma kiran ruwa "luwa", har da uban. An sassauta murya, sannan an lalata kalma, alhali na farkon kawai ake buƙata. Kunun yaro ana dama shi ruwa-ruwa ne don ya haɗiyu, amma da geron da kowa ke ci. Yaron da ke cewa "luwa" galibi ruwa yake ji a kunnensa, harshensa ne bai kai ba. Shi ya sa in babba ya kwaikwaye shi wani lokaci sai ka ga ya ɓata rai yana ƙoƙarin gyara masa. In duk gida suka koma faɗin tasa, an ɗauke masa abin da zai yi koyi da shi. Kalmomin reno da aka gada kuwa, irin su tutu, mama, oyoyo, da tata da ake yi wa mai koyon tafiya, ba su da laifi. Gaɓa guda ce ake ninkawa, kuma irin ginin da bakin yaro ya fara iyawa ke nan. A riƙa haɗa su da kalmar manya, sannan a janye su sannu a hankali tsakanin shekara 2 da 3.

Karɓa-karɓa

Yawan maganar da ta zuba a kunnen yaro bai kai muhimmancin yawan lokutan da aka ba shi dama ya amsa ba. Ga yadda ake yi. Ki faɗi abu guda, sannan ki yi shiru kina kallonsa, gira a ɗage, kina ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuci. Duk abin da ya yi a wannan tsakanin, ko "aa" ne, ko murmushi, ko wutsil-wutsil da ƙafa, ki ɗauke shi a matsayin amsa: "To! Haka kac ce?" Ki sake yin shiru. Wannan jiran shi ne ya fi wuya, domin daƙiƙa biyar tana yi wa babba tsawo, sai ya cike ta da wata magana, yaron kuwa yana kan harhaɗa tasa aka katse shi. Tawai da ake yi wa jarirai ma a kan wannan tsari yake: a taɓa, a jira dariya, a sake. In ya yi wani sauti ki mayar masa da irinsa, in ya sake ki ɗan sauya. Ɗan wata 3 zuwa 4 yana iya yin zagaye da yawa a haka kafin ya gaji.

Daga wajen wata 6 ki bi idonsa. Abin da yake kallo shi za ki kira, ba abin da kike so ya kalla ba. In akuya ta shigo tsakar gida ya zuba mata ido, lokacin "akuya" ke nan, ba lokacin nuna masa cokali ba. Kalmar da ta faɗa kan abin da hankalinsa ke kai ita ce ke zama. Wajen wata 9 zuwa 12 zai fara nuni da yatsa, ya kalli abin, ya waigo ya kalle ki. Wannan tambaya ce, a ba shi suna: raƙumi, jaki, kabu-kabu, wata. Uban da ya ɗauki ɗansa ya zauna ƙofar gida bayan la'asar yana kiran masa sunan duk abin da ya gifta ya yi aikin da babu abin wasan da za a sayo a kasuwa ya yi shi.

In ya fara kalma, ƙa'idar ita ce a ƙara masa guda bisa abin da ya kawo. Ya ce "mota", ki ce "Mota ta tahi." Ya ce "Baba tahi", ki ce "I, Baba ya tahi kasuwa." In ya faɗa ba daidai ba, kada ki ce "ba haka ba ne, sake faɗi". Ki amsa masa da daidai ɗin cikin magana: ya ce "luwa", ki ce "Ruwa kaka so? Ga ruwa." Ya ji gyaran, bai ji kunya ba. Yaron da ake yawan tsarewa a ce sai ya maimaita yakan rage magana ne gaba ɗaya.

Tambaya ma a rage ta. "Wanga mi na? Wancan fa? Mi sunanka?" jarrabawa ce, kuma ba ta ƙara masa kalma ko ɗaya. Bayani ya rinjayi tambaya nesa ba kusa ba. In za a tambaya, a ba da zaɓi, abubuwan biyu a hannu: "Kunu ko hura?" Ya ji kalmomin biyu, ya ga abin da kowace ke nufi, kuma yana da dalilin buɗe baki. A gidan da yara suka yi yawa, sau da yawa auta ba ya samun wannan dalili. Da ya ɗaga hannu yayyensa uku sun ruga sun kawo, ko kuma su faɗi abin da yake so a madadinsa. A koya musu su ma su ɗan jira.

Waƙar reno da tatsuniya suna da nasu aiki, saboda maimaici. Waƙar da ya ji sau hamsin, in kika tsaya dab da kalmar ƙarshe kika yi shiru, wata rana shi zai cike. Haka "Ga ta nan, ga ta nanku": ɗan shekara 2 da ke kwance cikin yayyensa a tsakar gida lokacin zafi zai koyi amsa "Ta zo mu ji ta" tun kafin ya fahimci labarin Gizo.

Waya ba ta yin wannan aiki, ko da katun ɗin na koyar da harshe ne. A 2003 Kuhl ta sa aka riƙa kawo jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Ingilishi kawai ake yi, suna zama da masu jin Sinanci sau 12 cikin kamar wata guda. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi bambance sautukan Sinanci. Waɗanda aka nuna wa mutanen a talabijin, ko aka kunna musu murya kawai, ba su fi waɗanda ba su taɓa jin harshen ba. Allo ba ya jira, ba ya bin idon yaro. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Wayar da ke hannun uwa lokacin shayarwa ma tana cin rabon yaron, don idon da ya kamata ya tarar in ya ɗago yana wani wuri.

Al'ada biyu suna buƙatar dabara. Ta farko kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban surukai, wata ko kallonsa ba ta yi in da mutane. Ba sai an yaƙi al'adar ba. Kunyar ta idon jama'a ce, cikin ɗaki kuwa daga ke sai shi, a can za ki yi hirar da laƙabin da kika sa masa. A waje kuma kaka da goggo da yayye su ɗauki nauyin, amma a tabbata akwai mai yi, kada kowa ya zaci wani na yi. Ta biyu yaye. Yakan faɗo ne tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, daidai lokacin da kalmomi ke ƙaruwa da sauri, sai a kai yaro gidan kaka inda ba a san ma'anar kalmominsa ba. Wasu yaran sukan yi tsit na 'yan kwanaki. Kafin a kai shi a gaya wa kakar yadda yake kiran ruwa, abinci, bayan gida da barci, don kada ya yi ta magana ba mai amsawa. In shirun ya zarce makonni bayan ya dawo, wannan ya wuce na yaye.

Gidan da ake Fulatanci ko Zabarmanci tare da Hausa kada a bar ɗaya don tsoron rikita yaro. Harshe biyu ba ya jawo nauyin baki, kuma cakuɗa su cikin jimla guda a farko ba alamar ruɗewa ba ce. Shekarar farko ce ma kunne ya fi buɗewa. A 1984 wata mai bincike a Kanada, Janet Werker, ta nuna 'yan wata 6 zuwa 8 suna bambance baƙaƙen harsunan da ba su taɓa ji ba, ciki har da wani mai kama da ƙ ɗinmu, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina, kunnen ya tsaya kan harshen gida. Kowa ya yi wa yaro harshen da ya fi iyawa. Uwar da ta bar Sakkwatancinta mai zurfi ta koma yi wa ɗanta guntun Ingilishi don ta shirya shi shiga nazare ta rage masa ne, domin da kalmomi ɗari take masa magana a maimakon dubbai.

Abin da za a ji a kowane mataki

Wajen wata 2 zuwa 3 ana jin "aa" da "uu" da murmushin amsawa. Tsakanin wata 6 da 10 gwaranci na sosai ke farawa, baƙi da wasali a jere: bababa, dadada, mamama. A nan ne ake gardamar ko Baba ya fara kira ko Mama, alhali bai kira kowa ba, sautukan leɓe da na gaban harshe ne suka fi sauƙi. Kalmar farko mai ma'ana takan zo wajen shekara ɗaya. Zuwa wata 18 yawanci suna da kalmomi goma zuwa hamsin, zuwa shekara 2 kuma sun kai hamsin ko fiye sun fara haɗa biyu: "Inna zo", "ba ni", "babu nono". A shekara 3 baƙo yana gane mafi yawan abin da yaro ke faɗi, a shekara 4 kusan duka. Fahimta kullum tana gaban furuci, yaron da ke da kalma goma a baki yana iya gane ninkin haka sau da yawa. Bakwaini ana ƙirga masa daga ranar da ya kamata a haife shi, har ya kai shekara 2. Tagwaye sukan ɗan yi jinkiri saboda hira guda ake raba musu, don haka a riƙa ɗaukar Hassan shi kaɗai, Husaini shi kaɗai.

Wajen ƙirga kalmomi, duk sautin da yaro ke amfani da shi kullum don abu guda kalma ce, ko da bai yi kama da ta manya ba. "Mee" ga akuya kalma ce, "bum" ga mota kalma ce, na kowane harshe a haɗa su wuri guda. A sami takarda a rubuta na mako ɗaya, kowa a gida ya kawo wadda ya ji. Yawanci adadin yakan fi abin da aka zata.

Kurakuransu suna da tsari. Sukan yar da gaɓa, shinkafa ta koma "kafa". Sukan sa baƙi ɗaya ya rinjayi ɗan'uwansa, mota ta koma "tota". Ra takan koma la ko ya, ƙa ta koma ka, tsa ta koma sa ko ta. Waɗannan sautuka ne masu wuya, ra musamman tana iya kai wa shekara 5 ko 6 ba ta zauna ba, don haka tsamin bakin ɗan shekara 3 ba ciwo ba ne. Za ka ji ya kira kowane namiji mai gemu Baba, ya kira jaki akuya, ya ce "ya zo" ga mace, ya kira kansa da sunansa a maimakon "ni". In ya ce "saniyoyi" a wurin shanu, a yi murna: ya gano ƙa'idar jam'i da kansa daga motoci da tagogi, ya shimfiɗa ta inda ba ta kai ba. Ba wanda ya koya masa wannan kalma, shi ya gina ta.

In'ina takan ɓullo tsakanin shekara 2 da 5, lokacin da abin faɗi ya fi ƙarfin baki. Kamar yara 5 cikin 100 ke yin ta, kuma mafi yawansu takan wuce. Kada a ƙarasa masa kalma, kada a ce "natsu" ko "yi a hankali", don wannan yana sa ya fara tsoron bakinsa. Babba ya rage saurin tasa maganar, ya saurara har yaron ya gama, a kuma hana yayye kwaikwayonsa ko sa masa suna da ita. In ta wuce wata 6, ko yana runtse ido yana yamutsa fuska wajen fitar da kalma, ko ya fara gudun magana, ko akwai mai ita a dangi har girma, a nemi likita.

In baki ya yi nauyi

"Namiji ne, maza nauyin baki gare su." "Ubansa ma sai da ya shekara huɗu." Da waɗannan ake cinye shekarun da suka fi amfani. Bambancin maza da mata a nan ɗan kaɗan ne, bai kai a jira shekara a kansa ba. A kai yaro asibiti in ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya nuni, ba ya waigowa in an kira sunansa, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Wanda kuma ya fara magana ya daina, ko ya daina kallon ido da wasa da mutane, a kowane shekaru yake, ba a jira da shi, domin yana iya zama kunne, yana iya zama larurar da likitoci ke kira otizim, kowanne kuma gara a gano shi da wuri.

Abin da za a fara dubawa kunne ne. Jaririn da ba ya ji yana kuka, yana dariya, yana "aa" da "uu" a watannin farko kamar kowa, shi ya sa iyaye ba sa ganewa. Inda yake bambanta shi ne bababa ɗin nan ba ya zuwa a kan lokaci, sautinsa ma ya riƙa raguwa. A ƙasarmu abubuwan da suka fi taɓa ji sanannu ne: sanƙarau da ke tashi lokacin zafi, ƙyanda, shawara mai tsanani a makon farko na haihuwa, zazzaɓin da ya kai ga suma ko jijjiga, kunne mai zubar da ruwa, da wasu allurai irin su jentamaisin in an yi su ba bisa umarnin likita ba. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a auna jinsa ko da ya warke sarai. Rigakafin ƙyanda na wata 9 da na wata 15 kariya ce ga kunne ma. Jaririn da idonsa ya yi rawaya a kai shi asibiti a ranar, ba a shanya shi a rana a jira ba.

Kunne mai ruwa ba a ɗiga masa mai ko ruwan ganye, ba a sa masa ashana ko gashin kaza. A murɗa tsumma mai tsabta mai laushi kamar lagwani, a sa a bakin kunnen ya tsotse ruwan, a cire a sauya har ya fito a bushe, sau 3 a yini, sannan a kai shi a duba. In zubar ta kai mako 2 ta zama daɗaɗɗa, maganinta daban ne.

Ana iya ɗan gwaji a gida daga wata 7 zuwa 9. Uwa ta zaunar da shi bisa cinya, wani ya tsaya gabansa ya ɗauki hankalinsa da abu marar ƙara, na uku ya tsaya baya kamar taku ɗaya, daidai tsayin kunne, ya murza leda ko ya ɗan kaɗa cokali cikin kofi a hankali. Ya kamata ya waigo. A yi dama, a yi hagu. Inda gwajin ke ɓaci shi ne yaron da ba ya ji yana da kaifin lura. Inuwa, ƙamshin turare, iskar tafi, girgizar ƙasa in an buga ƙofa ko an taka da ƙarfi, ko motsin jikin uwar da ke riƙe da shi, duk suna sa ya waigo a ce yana ji. Ga kuma mai ji rabi-rabi, wanda ke jin ƙarar babur da kiran salla amma baƙaƙen magana suna kuɓuce masa. Don haka in ya faɗi gwajin a tafi asibiti, in ya ci amma zuciya ba ta kwanta ba, nan ma a tafi.

Yankan belu ba ya buɗe baki, abin da yake jawowa zubar jini ne da shigar ƙwayar cuta. Linzamin harshe na gaske yana iya hana kama nono da kyau ko ya taɓa furucin wasu sautuka, amma ba ya hana yaro samun kalmomi ko fahimtar magana. Yaron da bai ce komai ba a shekara 2 matsalarsa ba a ƙarƙashin harshe take ba, kuma ko linzamin ne, likita ya kamata ya gani kafin aska ta taɓa shi.

A fara da asibitin da ke kusa a nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ana auna jin jariri da na'ura ko yana barci, don haka babu yaron da ya yi ƙanƙanta da gwaji. Abin da masana ke so shi ne a tantance a watan farko, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. A tafi da katin rigakafi, da takardar kalmomin nan da aka rubuta, da bayanin duk wata rashin lafiya mai tsanani da ya yi da magungunan da aka ba shi. In an tabbatar ba ya ji, a tambayi ko na'urar ƙara ji za ta yi masa amfani, a kuma fara maganar hannu da shi nan take, duk gida su koya. Maganar hannu ba ta hana maganar baki fitowa ga wanda zai iya, kuma yaron da ya isa makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman a nan Sakkwato da alamunsa na gida ya fi saurin ɗaukar karatu a kan wanda ya shekara shida ba shi da hanyar cewa yana jin ƙishirwa.